LAFIYA UWAR JIKI: Tarin da maganin fuka ba ya warkarwa

A Sabon Maci, kamar sauran garuruwan gundumar Dakoro, tarin da ya daɗe sunansa guda ne: tarin fuka. In kuwa cikin hunturu ya kama mutum, sai a ce sanyi ne da ƙura, bazara za ta kore shi. Amma akwai tarin da bazara ba ta kora, maganin fuka na wata 6 kuma ba ya taɓa shi. Shi ne tarin sankarar huhu, musamman irin wadda lokotoro ke kira adenokarsinom, mai kusan kashi 40 cikin 100 na dukan sankarar huhu.

Wuyar gane ta daga mazauninta ne. Can gefen huhu take tsira, nesa da manyan hanyoyin iska, ta daɗe tana girma ba ta ce uffan ba. Ran da ta buɗe baki kuwa, da muryar fuka take magana: tari fiye da mako 3, kaki da ɗigon jini, rama, ƙin abinci. Manomin da ke yini riƙe da hauya sai ya ga zuwa masallaci ma na sa shi haki, domin ruwa ya taru a kewayen huhunsa. Wani murya ce ke dushe masa. Wani kan yatsunsa ke kumbura, farce ya yi doro, alamar da majinyaci bai cika nuna wa likita ba tunda ba ta ciwo. Akwai ma wanda ciwon baya ko ciwon kai mai naci ke kaiwa asibiti, alhali cutar ta riga ta isa ƙashi ko ƙwaƙwalwa.

Sigari ne babban mai laifi, babu musu. Sai dai wannan sankarar ita aka fi samu ga mata da waɗanda ba su taɓa sa taba a baki ba. Tun 2006 hukumar binciken sankara ta duniya da ke Liyon, a Faransa, ta sa hayaƙin itacen girki cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa cutar. Ashe cewa "ai ba ta shan taba" bai isa ya kwantar da hankalin mai gida ba.

Malamin asibiti bai yi kuskure ba in ya fara zargin fuka: ita ta fi yawa, maganinta kuma kyauta ne. Kuskuren na zuwa ne in an auna kaki ba a ga ƙwayar fuka ba, ko an yi wata 2 ana shan magani jiki na ƙara lalacewa, a ce a ci gaba da haƙuri. Nan ya kamata dangi su nemi takardar zuwa Dakoro ko Maraɗi a ɗauki hoton ƙirji. Tabbaci kuwa sai an tsago ɗan nama an duba.

Tun 2021 ana ƙona sankara da haske a Cibiyar Yaƙi da Sankara ta Ƙasa, a Yamai; kafin nan sai ƙasashen waje. To amma daga Sabon Maci zuwa Yamai ya haura kilomita 600, kuma gidan da ya ƙarar da hatsi da awakinsa wajen masu maganin tebur, da wuya ya iya biyan ko kuɗin mota.