Wasiƙar Ribah: Ina Wanda Aka Kora Zai Kai Kuka?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, don in amsa tambayar da wani dattijo ya kawo mini ran kasuwa a nan Ribah. Ubansa Bazabarme ne daga Nijar, uwarsa kuwa 'yar ƙasar Zuru ce, nan aka haife shi. Ya ce, "Malam Akawu, in wata rana hukuma ta ce ni baƙo ne, ta fid da ni daga ƙasa, gaban wane alƙali zan kai kuka?"

Na ce masa an taɓa yin irinta. Cikin watan Janairu 1980 aka kama Alhaji Shugaba Darman, shugaban masu rinjaye na Majalisar Jihar Barno, aka tsallakar da shi Cadi bisa umurnin Ministan Harkokin Cikin Gida, wai don asalin ubansa can ne. Aka kai ƙara Babbar Kotun Maiduguri. Lauyoyin Gwamnati suka ce kotun jiha ba ta da ikon jin maganar. Alƙali bai yarda ba, ya bincika ya tarar uwar Shugaba 'yar ƙasa ce, ya rushe korar. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara, amma a 1982 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da cewa ɗan ƙasa ne.

To, jama'a, ga yadda dokar ke a yau. Tsarin Mulki na 1999, sashe na 41, ya hana a kori ɗan ƙasa. Sashe na 251 ya danƙa shari'ar korar baƙi ga Babbar Kotun Tarayya kaɗai, akwai ta kuwa a Birnin Kebbi. Wanda hukunci bai gamshe shi ba, sai ya tafi Kotun Ɗaukaka Ƙara, daga nan sai Kotun Ƙoli a Abuja. Alƙalin gari ko hakimi ba su da iko a nan, kome ƙaunarsu gare ka.

Saboda haka na gargaɗi dattijon, ina kuma gargaɗin 'yan'uwa duka, kowa ya nemi takardar haihuwa da shaidar asali tun iyaye da masu unguwa da suka san shi suna da rai. Rigakafi ya fi magani. Allah ya sa mu gane, amin.

Ni ne naka,
Akawu, Ribah.