Ƙananan Hukumomi Bayan Hukuncin Kotun Ƙoli: Aiki Ya Koma Zauren Kansiloli

Idan ba a manta ba, a ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta yanke hukunci a ƙarar da Ministan Shari'a na Tarayya, Lateef Fagbemi, ya shigar a kan jihohi 36 na ƙasar nan. A hukuncin da Mai Shari'a Emmanuel Agim ya karanta, kotun ta umurci a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Hakazalika ta haramta naɗa kantomomin riƙo a madadin zaɓaɓɓun shugabanni, kamar yadda sashe na 7 na Tsarin Mulkin 1999 ya tanada. Shekara guda bayan hukuncin, ana ta taƙaddama kan yadda za a aiwatar da shi. Amma mu a ganinmu, ko ta wace hanya kuɗin suka bi, talaka ba zai gani a ƙasa ba sai majalisun kansiloli sun riƙe aikinsu da gaske.

Kuɗin da ake magana a kansu ba kaɗan ba ne. A tsarin rabon arzikin ƙasa, ƙananan hukumomi na da kashi 20.60 cikin ɗari, jihohi 26.72, Gwamnatin Tarayya kuma 52.68. Bugu da ƙari, suna da kashi 35 cikin ɗari na harajin kayayyakin masarufi. Sashe na 162 na Tsarin Mulki ne ya kafa asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumominta, kuma ta nan kuɗin suka daɗe suna bi. Masu kare wannan asusu kan tuna mana da shekarar 1991, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta miƙa wa ƙananan hukumomi ragamar ilimin firamare. Malamai a wurare da dama sun yi watanni ba albashi, har sai da aka maido da hukumar ilimin firamare ta ƙasa a 1993. Wannan darasi ne da bai kamata sababbin shugabanni su manta da shi ba.

Abu na farko shi ne kasafin kuɗi. Shugaban ƙaramar hukuma ke gabatar da shi, kansiloli su tattauna, su gyara, sannan su amince. Sau da yawa albashin malaman firamare, ma'aikatan lafiya da na sakatariya kan cinye mafi yawan abin da ya shigo, don haka ɗan abin da ya rage shi ne ke buƙatar hangen nesa. Jadawali na huɗu na Tsarin Mulki ya fayyace ayyukan da suka rataya a wuyan ƙaramar hukuma: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, kwashe shara, hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa, da rajistar haihuwa, mutuwa da aure. Idan majalisa ta bar waɗannan ta koma sayen motocin alfarma, ko raba kayan tallafi gabanin zaɓe, to ta saki layi. Muna ganin ya dace a fassara kasafin kowace shekara da Hausa, a liƙa shi a allon sakatariya da ƙofar gidan kowane dagaci, domin mutumin kowace mazaɓa ya san rijiya nawa ko aji nawa aka yi masa alkawari.

Abu na biyu shi ne haraji. Dattawanmu ba su manta da harajin kai da jangali ba, waɗanda gwamnatocin Alhaji Abubakar Rimi a Kano da Alhaji Balarabe Musa a Kaduna suka soke bayan hawansu mulki a 1979. Jama'a sun yi murna da sokewar ne saboda irin tsangwamar da ake yi wajen karɓa. Dokar 1998 ta jera kuɗaɗen da ƙaramar hukuma ke da ikon karɓa, kamar na rumfunan kasuwa, mayanka, tashar mota, amalanke da allunan talla, ta kuma hana kafa shinge a kan hanya don karɓar haraji. Duk da haka, direban da ya ɗauko albasa ko shanu zuwa kudu ya san sau nawa ake tare shi kafin ya isa. Gyaran ba mai wuya ba ne: majalisa ta tsayar da farashi ɗaya, a rubuta shi a bakin kasuwa, a bayar da rasiɗi, kuɗin kuma su shiga banki a ranar. Masu iya magana kan ce, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Hukumar da ta karɓi kuɗin rumfa, wajibi ne ta samar da ruwa, makewayi da mai gadi a kasuwar.

Abu na uku shi ne kare rayuka da dukiyoyi. Tun da aka haɗe 'yan doka na En'e da 'yan sandan Nijeriya a zamanin Janar Yakubu Gowon, ƙaramar hukuma ba ta da rundunar kanta. Jihohi ne suka shiga cike giɓin, kamar yadda Katsina ta ƙaddamar da dakarun tsaron al'umma a 2023, Zamfara kuma ta kafa Askarawa a 2024. Sai dai akwai abubuwa da yawa da ke hannun kansiloli. Suna iya yi wa 'yan sintiri rajista tare da masu unguwanni domin a san kowa, su sa fitilu a kan tituna, su kuma hana gina rumfuna a kan hanyar motar kashe gobara. Gobarar da ta tashi a kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016 ta nuna irin asarar da cunkoson kasuwa ke jawowa. Haka nan yashe magudanan ruwa kafin damina ya fi raba tabarmi bayan ambaliya, kwashe shara kuma shi ne rigakafin amai da gudawa.

Alal haƙiƙa, duk waɗannan ba za su tabbata ba sai da sa ido. A zaɓukan da jihohi da dama suka gudanar bayan hukuncin, jam'iyyar da ke mulki ce ta lashe kusan dukkan kujeru. Inda babu 'yan adawa a zaure, nauyin tambaya ya koma kan jama'a, da kan Babban Mai Binciken Kuɗi na ƙananan hukumomi, wanda rahotonsa ya kamata ya isa Majalisar Dokoki a kan lokaci, a kuma bayyana shi ga kowa.

Saboda haka muna kira ga malamai, ƙungiyoyin 'yan kasuwa, mata da matasa da su san kansilansu, su halarci zaman kasafi, su nemi rasiɗi a duk inda suka biya ko da naira ɗari ce. Kansila maƙwabcinmu ne, da shi muke haɗuwa a masallaci da wurin suna, don haka tambayarsa ba ta buƙatar kuɗin mota zuwa Abuja. Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, Ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.