Haɗa Kekenka Kaɗan-Kaɗan, Ka Bar Rumbu Lafiya



An gama girbi, damman hatsi sun shiga rumbu. Yanzu lokacin tafiya ne: cin kasuwa, ziyarar dangi, zuwa neman magani. Daga Dogon Kiriya zuwa Dogon Dutsi, ta Matankari, ba ƙaramar tafiya ba ce ga mai ƙafa. Kowa yana son abin hawa.

Samari da yawa hankalinsu yana ga moto. Moto yana da sauri, ba mu musa ba. Amma kullum sai ya sha mai. Ka tuna da shekarar 2023. A watan Mayu Najeriya ta cire tallafin mai, sai man kwalba na bakin hanya ya yi tsada a wurinmu. Keke ba ya shan kome sai ƙarfin ƙafarka.

Ga shawararmu. Kada ka buɗe rumbu da kaka, lokacin da hatsi ke araha, don ka sayi sabon keke mai walƙiya. Hatsin da ka sayar yau, shi za ka nema da tsada a tsakiyar damana, yara na kuka, gona na jiran noma. Gara ka haɗa kekenka da kanka, kaɗan-kaɗan, da kuɗɗin wake, ko na gujjiya, ko na ƴan kaji. Kai da ka yi karatun yaƙi da jahilci kana da makamin wanga aiki: ka iya karanta lamba, ka iya rubuta lissafi.

Fara da gangar jiki, wato ƙarfen da ke riƙe da kome. Nemi tsohuwa ta baƙin ƙarfe, irin ta Raleigh, mutumin Ingila, ko Phoenix, mutumin Sin. Da tsohuwar zuma ake magani. Baƙin ƙarfe in ya tsage, mai walda yana gyara shi. Ta sanholo ba ta da nauyi, amma in ta karye, samun mai gyara ta a ƙauye da wuya. Duba kowace mahaɗa da rana tsaka. In fenti ya kumbura ko ya yi layi kusa da wuya, keken ya taɓa yin karo, bar shi. Tsaya daga baya ka hanga: ƙafar gaba da ta baya su zama layi ɗaya. Sa'annan ka haye shi a tsaye, ƙafafunka biyu a ƙasa. In sandar tsakiya ta matse ka, ya yi maka girma.

Na biyu, ƙafafu. Nan karatunka zai yi maka rana. A gefen kowace taya akwai lamba. Tayar manyan kekuna na da tana ɗauke da 28 x 1½, wani lokaci da 635 kusa da ita. Akwai wata tayar, ita ma ana ce mata 28, amma lambarta 622. Ba ɗaya suke ba. Tayar 622 ba ta hawa wilin 635, ko da ku uku kunka taru kuna ja. Kekunan gwanjo masu faffaɗar taya kuwa, yawancinsu 26 ne, lambarsu 559. Rubuta lambar wilinka a takarda, ka sa aljihu ranar kasuwa. Kuma ka zaɓi girman da masu faci na kusa da kai suke da tayarsa da robarsa ta ciki. Keken da sai an je Yamai neman tayarsa ba naka ba ne.

Kashe kuɗɗinka a ƙafar baya. Ita ke ɗaukar ka, ita ke ɗaukar buhu. Ƙirga wayoyinta. Yawancin kekuna 36 gare su. Tsofaffin na Ingila 40 a baya, 32 a gaba. Ramukan wili da na cibiya su zama daidai, in ba haka ba ba su ɗauruwa. Waya ɗaya in ta tsinke, sauya ta a ranar, don sauran za su bi ta. Taya kuma saya mai kauri. Ƙasarmu ƙasar ƙaya ce, ga aduwa, ga tsidau. Araha ba ta ado.

Na uku, kaca da faifanta. Keke mai giya da yawa yana da daɗi a kan kwalta. Amma rairayin Dallol Mawri yana shiga ko'ina, yana cin ƙarfe. Mai giya ɗaya ya fi jimiri, gyaransa ya fi sauƙi. Ƙirga haƙoran ƙaramin faifai na baya. Mai 18 na gudu ne. Mai 20 ko 22 ya fi taushin tuƙi cikin rairayi da kaya, ko da yake za ka ƙara ma kaca tsawo kaɗan. Kacar giya ɗaya ta fi ta masu giya faɗi, kada a haɗa maka su. In faifai ya cinye, haƙoransa sun yi tsini, kada ka ɗora masa sabuwar kaca, za ta riƙa tsallakewa.

Ga abin da ke ɓata ma mutane kaya: fedar hagu baya-baya ake ɗaure ta. Duba jikinta, akwai harafi. L ko G hagu ke nan, R ko D dama. Kuma tsofaffin kekunan Faransa, kamar Peugeot, murɗin wasu notocinsu dabam yake da na Ingila. Abin da bai shiga da hannu ba, kada ka tilasta shi da guduma. Wanke boris da kananzir, ka cika shi da giris. Birki kuwa, kada ka hau sai na gaba da na baya duka suna kamawa. Daga ƙarshe sa kariya mai ƙarfi, ka ɗaure famfo, da faci, da sifana.

Wani zai ce maka keken tsince-tsince ne. Wani zai ce in an tara kuɗɗin kayan, sun fi na keken gwanjo cikakke. Na biyun yana iya yin gaskiya. Don haka ɗauki littafinka tun ba ka sayi kome ba. Zaga kasuwa, ka tambayi kuɗɗin kowane abu, ka rubuta, ka tara. In ka samu cikakken keke mai lafiyar gangar jiki da ƙafafu ƙasa da wannan jimla, saye shi, ka sauya abin da ya mutu. Amma kada fenti ya ruɗe ka. Shi kuwa na farkon, bar shi da dariyarsa. Ranar da kaca ta tsinke a daji, wanda ya haɗa kekensa da hannunsa ya san inda zai taɓa.

Sannu ba ta hana zuwa. Wanga wata gangar jiki, wata mai zuwa ƙafar baya. Kafin ruwan shuka ya sauka kana bisa kekenka, ba bashin kowa, hatsinka yana rumbu.

Karanta ma maƙwabcinka wannan takarda. Allah ya ba mu lafiya da damana mai albarka, amin.