Shafen Ɗakin Hutu: Kore Ko Ruwan Madara?

Tun ran da Kwamitin Zartarwa ya ba da sanarwar za a sake shafen Ɗakin Hutun Ɗalibai, gardama ta ƙi ƙarewa a ɗakunan kwana. Wasu na son kore shar mai duhu, wasu kuwa ruwan madara mai ɗan ratsin ƙasa. Mai yiwuwa a ɗauki maganar ƙarama. Amma kuɗin fentin nan daga harajin ƙungiya zai fito, watau daga aljihunmu, kana duk launin da aka shafa, da shi za a zauna har 'yan shekarar farko su kammala.

Masu son kore suna da hujja, ba mu raina ta ba. Sun ce launin tutarmu ne, wadda Taiwo Akinkunmi ya zana a 1959, lokacin shi ma yana ɗalibi a Landan. Gaskiya ne. Sai dai tuta a sarari take kaɗawa, rana na dukanta. Mu kuwa zancen ɗaki muke yi mai tagogi ƙanana, inda muke karatun dare in laburare ya cika.

To, a nan gizo ke saƙar. Bango mai haske yakan mayar da hasken fitila cikin ɗaki, mai duhu kuwa haɗiye mafi yawansa yake yi. Ran da aka ɗauke wuta ana gobe jarrabawa, muka taru mu goma kan fitilar caji guda, bangon ruwan madara zai taya fitilar aiki, kore kuwa sai ya mai da ɗakin kamar cikin rijiya. Idanunmu ne za su biya. Ga kuma ƙurar hunturu, wadda kan sauka daga Nuwamba har Fabrairu: launinta ɗan'uwan madara ne, sai ta ɓace a kansa, alhali a kan kore duk wanda ya goga kafaɗa sai ya bar shaida. Sauro ma, kowa ya sani, wuri mai duhu yake laɓewa. In kuwa wata rana aka gaji da koren, ba a rufe shi sai da shafi biyu ko uku, kuɗi kan kuɗi ke nan.

Abu ɗaya muka yarda da shi. Ƙasan bango, inda ake jingina kai da tokara takalmi, madara ba ta jure dauɗa. A nan sai a bi dabarar tsofaffin asibitoci da makarantun firamare: kore mai sheƙi daga ƙasa zuwa ƙirji, wanda ake wankewa da tsumma da sabulu, sama kuwa har rufi a bar wa madara.

Muna roƙon Kwamiti kada ya sayi bokiti ko ɗaya tukuna. A sayo ƙaramin gwangwani na kowane launi, a shafa gefe da gefe a bangon da ya fi nisa da taga, sa'an nan a kira ɗalibai su duba bayan sallar isha, a kashe ƙwan lantarki, a kunna fitila.