Wanda ya taya, ya biya

A watan Agustan 2022 aka yi gwanjon wani ɗan katin kwali da bai kai tafin hannu ba, mai hoton Mickey Mantle, ɗan wasan besbol na Amurka, wanda kamfanin Topps ya buga a 1952. An sayar da shi dala miliyan 12.6. Mu da muke tara irin waɗannan katuna, na 'yan ƙwallo ko na Pokémon da aka fara fitarwa a Japan a 1996, cinikinmu bai kama ƙafar wannan ba. Dala ashirin ce, ko hamsin. Amma ko a wannan ƙaramin cinikin akwai wata ɗabi'a da ta ishe mu: mutum ya cinye gwanjo a eBay, sannan ya yi ɗif kamar an shuka dusa.

Idan ka yi masa magana, amsarsa a shirye take: ai doka ta ba shi kwana huɗu. Gaskiya ne, eBay na ba mai saye kwana huɗu kafin mai kaya ya iya soke ciniki saboda rashin biya. To amma kwanakin nan uzuri ne da aka tanada don wanda wata larura ta riƙe. Ba a yi su don mai kuɗi a aljihu ya zauna yana shawara ba. Shawara kafin tayi ake yin ta.

Mu duba abin da mai jinkirin nan yake yi a zahiri. Farashin kati yana bin labari ne. Ɗan wasa ya ci ƙwallo uku a daren Asabar, katinsa ya tashi. Ya karye ranar Lahadi, katin ya faɗi. Wanda ya cinye gwanjo ranar Juma'a ya ƙi biya, ido ya zuba wa kasuwa. In ta tashi ya biya ya ci riba, in ta faɗi ya sulale. Wato caca yake yi da kayan wani, riba tasa, asara ta mai kaya. Wannan ba wayo ba ne, cin amana ne.

Ɓarnar kuma ba ta tsaya kan mutum ɗaya ba. Mai kaya ya jira kwana bakwai gwanjo ya ƙare, ya ƙara huɗu yana jiran kuɗi. Wanda ya zo na biyu a tayi, da kuɗinsa a hannu, ya riga ya saya a wani wuri. In aka sake sa katin, masu saye sai su fara zargin ko yana da aibi. Sannan tun 2008 eBay ya hana masu sayarwa rubuta mummunar shaida a kan mai saye, don haka sabon da zai yi hulɗa da shi ba zai ga tabonsa a fili ba. Abin da ya rage sai alamar rashin biya da ake sa wa asusunsa, wadda masu kaya ke iya dogara da ita su toshe mai maimaitawa.

Ba mu ce babu uzuri ba. Wani yana jiran gwanjo na biyu a wurin mai kaya ɗaya don a haɗa masa kuɗin aike. Wani katin bankinsa ne ya ƙi wucewa. Wani kuma gwanjon ya rufe da tsakar darensa, yana barci. Duk mun yarda. Amma maganin duka layi ɗaya ne: ka rubuta wa mai kaya, ka faɗi dalili, ka faɗi rana, ka cika. Shirun ne laifin. Mai kaya shi ma kada ya fara aiken gargaɗi bayan awa guda. Yini ɗaya ba ya kashe ciniki.

A kasuwar da muka tashi muka gani, in ka taya aka ce an sallama, magana ta ƙare, hannu sai aljihu. Wanda ya juya baya a nan, gobe ba mai sauraron tayinsa. Don ba ka ganin fuskar mai kaya ta waya, ba shi ne ya sauke maka nauyin ba. Alkawari kaya ne ko a intanet. In ba ka da kuɗin yau, ka bar mai shi ya taya. In ka taya ka ci, ka biya kafin ka ajiye wayar.