Ƙamshi daban, tsafta daban: zare kan warin kafet 🧵

1/ Masu sayar da turaren wuta ku yi haƙuri, yau zan ɗan taɓa kasuwarku. Yawancin abin da muke saya saboda warin kafet lulluɓe warin kawai yake yi. Kuɗi na tafiya, wari na nan zaune daram. Ku biyo ni a hankali.

2/ Wari ba daga sama yake faɗowa ba. Wani abu ne ya shige cikin gashin kafet: fitsarin yaro, madara, miya, zufar ƙafa, danshi. Ƙwayoyin cuta na cin wannan abin suna fitar da iska mai ɗoyi. Muddin abincinsu na ciki, warin zai ci gaba da tashi.

3/ Abin haushin, hancin mai ɗaki ya riga ya saba. Kin zauna ciki kullum, ƙwaƙwalwa ta daina kula da warin da ba ya canzawa. Ke kina jin humra, baƙuwa tana jin humra da zarni a haɗe. Kuma ba za ta faɗa miki ba, sai a mota a hanyar komawa gida 😭

4/ Magungunan warin kafet da ke kasuwa aikinsu kashi biyar ne: masu rufe wari, masu kashe kaifinsa, masu kama shi, masu cinye tushensa, da masu ƙone shi da iskar oksijin. In ka san wanne ka riƙe a hannu, ba mai damfarar ka da kwalba mai kyau.

5/ Na ɗaya, masu rufewa. Turare ne zalla, ko na fesawa ko na hoda. Ƙamshin ya fi warin ƙarfi, sai hanci ya bi mai ƙarfin. Bayan 'yan awanni ƙamshi ya gudu, wari ya dawo. In ka duba bayan kwalba ka ga "fragrance" ko "parfum" ne kaɗai abin kirki a ciki, turare ka saya.

6/ Na biyu, bekin soda. Shi ne ginshiƙin yawancin hodar kafet, an dai ƙara masa ƙamshi da farashi. Yana da ɗan kaifi irin na kanwa amma mai sauƙi, shi ya sa yake kashe wari mai tsami: madarar da ta lalace, amai, zufa. Yana kuma tsotse ɗan danshi.

7/ Sai dai yana son lokaci. A barbaɗa a busasshen kafet, a goga da buroshi ya shiga, a bar shi awanni, in da hali ya kwana, sannan a zuƙe. Barbaɗawa a share bayan minti biyar asarar hoda ce kawai.

8/ Na uku, masu kamawa. Gawayin da aka sarrafa da ma'adinin ziyolait cike suke da ƙananan ramuka, wari na maƙalewa ciki. Gawayin a jaka ake ajiye shi a lungun ɗaki. Don Allah kar wani ya daka gawayin girki ya zuba wa kafet ɗin Hajiya, ba ruwana 😂

9/ Febreze ma a nan yake. Sinadarinsa daga sitacin masara ake yin sa, siffarsa kamar zobe, ƙwayar wari ta faɗa tsakiya ta kasa isa hanci. Da kamfanin P&G ya fito da shi a Amurka a shekarun 1990 bai samu kasuwa ba sai da aka ƙara masa ƙamshi. Ashe ba mu kaɗai ke auna tsafta da hanci ba.

10/ Na huɗu, kuma wanda na fi ba wa maki: masu enzayim. Waɗannan farfasa ƙazantar kanta suke yi, furotin da maiƙo da ragowar fitsari, har ƙwayoyin cuta su rasa abin ci. Gidan da ke da yara ko mage, wannan ne ya cancanci kuɗinku. Ku nemi kalmar "enzyme" a jikin kwalba.

11/ Me ya sa fitsari ya fi komai taurin kai? In ya bushe yana barin gishirin da ba ya narkewa da sauƙi a ƙasan kafet. Da rani shiru kake ji. Damina na sauka, iska ta yi laima, zarni ya farka. Shi ne za ka ji ana "wai daga ina warin nan yake?" Tun watan Maris yake kwance a wurin.

12/ Yadda ake yi: a danna tsumma a tsotse fitsarin, kar a cuɗa. A zuba ruwan sanyi, a sake tsotsewa. Ruwan zafi na ƙara kama tabo. Sai a jiƙa wurin da maganin enzayim har ya kai inda fitsarin ya kai, a ba shi lokacin da aka rubuta a kwalba. Mai sallah a kan kafet ya san turare ba ya gusar da najasa, sai ruwa.

13/ Na biyar, masu oksijin, irin haidirojin feroksaid. Suna aiki sosai a kan wari da tabo, amma suna iya cinye launi. Duk abin da za ka zuba, fara gwadawa a lungun da kujera ta rufe, ka jira ya bushe ka gani.

14/ Ga inda zan yi rigima da masu talla. Hodar kafet an yi ta ne don gidan da ke da injin zuƙar ƙura. Mu da yawanmu tsintsiya ce. Tsintsiya ba ta fitar da hoda mai laushi, sama take tayar da rabi, rabi ya nutse ƙasa. Jariri mai rarrafe da mai asma su ke shaƙa.

15/ Don haka in ba ku da injin, hoda ta dace da darduma ko ƙaramin kafet da za a iya fitarwa waje a kakkaɓe. Wanda aka shimfiɗa bango zuwa bango, gara na ruwa, a fesa daidai wurin da matsalar take.

16/ Kanwa 'yar'uwar bekin soda ce, amma ta fi shi kaifi kuma tana da ƙasa-ƙasa, tana iya barin tabo. Bekin fauda na kek kuma wani abu ne daban, an haɗa shi da sinadari mai tsami da sitaci. Kar a musanya.

17/ Bidiyon TikTok da ake haɗa khal da bekin soda ya yi kumfa, kallo ne kawai. Ɗaya tsami, ɗaya kaifi, sun kashe juna, abin da ya rage kusan ruwan gishiri ne. Khal da aka sirka da ruwa na rage zarni, amma shi kaɗai. Soda ya biyo baya in wurin ya bushe.

18/ Wannan kuma ba wasa ⚠️ Kar a zuba bilic a kan fitsari, kar a haɗa shi da khal. Duka biyun suna fitar da iska mai guba da ke ƙona ido da huhu, balle a ɗaki rufe. Ga shi zai ɓata launin kafet har abada.

19/ In kafet ɗinku na ulu ne ko siliki, irin masu tsadar nan, ku yi hattara. Gashinsu furotin ne, enzayim mai cin furotin da abu mai kaifi na iya lalata su. Ku duba takardar da ke bayansa, ko ku kai wa masu wankin kafet.

20/ Babban abokin gaba shi ne danshi. Kafet ya jiƙe ya wuce awa 24 zuwa 48 bai bushe ba, fumfuna ta fara. In ta kama ƙasansa, babu kwalbar da za ta cece shi. A ɗaga, a kunna fanka, a buɗe taga, a shanya. Ranar da Allah ya hore mana kyauta ta fi rabin abin da ke kanti aiki.

21/ A taƙaice, kafin ka biya: nemo inda warin yake, ka san na mene ne. Fitsari, amai, madara: enzayim. Warin ƙafa da na zama: bekin soda. Warin rima: bushewa. Ka karanta bayan kwalba, gaban talla ne.

22/ Turaren wuta kuwa yana nan da martabarsa, ba wanda ya ce a daina. A tsabtace, a busar, sannan a ɗora kasko, taga a buɗe saboda hayaƙin garwashi. A lokacin ne ma za ku ji ainihin ƙamshin da kuka biya kuɗinsa.

23/ Ku tura wa amaren bana da gwaurayen da kafet ɗinsu bai ga rana ba tun ranar da aka shimfiɗa shi. Wane wari ne ya fi ba ku wahala, kuma me ya yi muku aiki? Ina jira a ƙasa 👇