Baƙin tabo a tafin ƙafa: kada mu ja ciniki da likita

Duk mai cin kasuwannin iyaka, daga Ɗan Isa zuwa Jibiya ko daga Ƙonni zuwa Illela, ya san ƙafa ce jarinsa na farko. Amma ita muka fi wulaƙantawa. Faso ne, kaushi ne, tuntuɓe ne, sai mu shafa man kaɗanya mu wuce. To, akwai wani baƙin tabo da man kaɗanya ba ya yi wa komi. Likitoci na ce masa melanoma, wani nau'in sankarar fata ne. Ba shi da yawa, amma a jikin baƙar fata ya fi fitowa a tafin ƙafa, tafin hannu ko ƙarƙashin farce. Da fari ba ya zafi, shi ya sa ake raina shi. Sai ya dinga faɗi, launinsa ya rarrabu, daga baya ya fashe ya zama gyambon da ba ya jin magani.

Mawaƙin nan Bob Marley, wanda muke ganin hotonsa a jikin motoci, shi ya kashe shi. A 1977 aka gano ciwon a babban yatsan ƙafarsa, bayan an ɗauka raunin ƙwallo ne. Likitoci suka ce a yanke yatsan, ya ƙiya. Ya rasu a 1981 yana da shekara 36, ciwon ya riga ya kai huhu da ƙwaƙwalwa. Kuma ba kuɗi ya rasa ba.

Babban maganin har yau shi ne aikin fiɗa. Ana yankar tabon a kai awo, in an tabbatar, a cire shi tare da lafiyayyar fatar da ke kewaye, santimita 1 zuwa 2. Wani lokaci sai an haɗa da yatsa. Idan kaurinsa bai kai milimita 1 ba, mafi yawan masu shi suna warkewa. Idan ya kai ga ƙaluluwar matsematsi, aikin ya ƙaru.

Sauran hanyoyin fa? Tun 2021 akwai na'urar gashin sankara a Yamai, sai dai wannan ciwon bai cika jin gashi ba, galibi sauƙin raɗaɗi ake nema da shi. Sabbin alluran da ke zaburar da garkuwar jiki, irin su pembrolizumab da aka amince da ita a Amurka a 2014, sun tsawaita ran mutane da dama, amma kuɗinsu ya fi ƙarfin jarin mafi yawanmu.

Saboda haka muke cewa kada a kai wa wanzami ya tsaga, kada a ƙona da ruwan batir. Mun san fargabar: wa zai tsare rumfa in an kwanta? Nan ne ya kamata shugabannin ƴan kasuwa su shigo. Adashen da muke zubawa don biki da suna, a ware wani abu daga ciki don kuɗin mota da na awo, a kuma samu mai riƙe wa ɗan uwa rumfarsa har ɗinkin ya warke.